Fita yini guda a kan babur cikin sanyi, ni da abokina: mu tafi ko mu jira?

Ɗan_Hanya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ni da wani aminina mun tsara fita ranar Asabar, mu bar babban titi mu bi ƙananan hanyoyin da suka ratsa tsakanin duwatsu da gonaki, mu zagayo mu dawo gida kafin dare. Zuwa da dawowa wajen kilomita 260 ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hasashen yanayi: digiri 4 na ma'aunin Celsius da sassafe, ya hau zuwa 11 da tsakar rana, babu ruwan sama. Shi ya saba, cewa yake babu lokacin da hawan babur ya kai na sanyi daɗi. Ni kuwa duk hawana na cikin gari ne. Zuciyata tana son tafiyar nan ƙwarai. Waɗanda suka taɓa yi, yaya abin yake? Ya cancanci wahalar, ko in ce masa mu bari sai gari ya yi ɗumi?

Sarkin_Kwana:
Wa alaikumus salam. Ka tafi, ɗan'uwa, abokinka gaskiya ya faɗa maka. Ranar sanyi mai rana tana da wani irin haske da ba ka samun sa a sauran shekara. Dutsen da da zafi sai dai ka hango shi dishi-dishi, ranar sai ka gan shi tar, har layukan jikinsa. Itatuwa sun zubar da ganye, saboda haka kana ganin abin da ke bayan kwana tun kafin ka shige ta. Ƙwari ba sa fashewa a gilashin hularka. Hanya kuma taku ce ku biyu, sai ku yi tafiya mai nisa ba ku haɗu da mota ba. In kuka hau tudu kuka kashe inji, ka ga hazo kwance a cikin kwari a ƙasanku, wallahi ba za ka tuna da yatsunka ba.

Kawu_Sale:
Zai tuna da su kuwa, ɗana. Digiri 4 kana tsaye a ƙofar gida daban, digiri 4 kana kan babur daban. Ban ce kada ya je ba, amma kada a yaudare shi da kyan dutse kaɗai.

Malam_Lissafi:
Bari in sa wa maganar Kawu lamba. Akwai lissafin da hukumomin yanayi na Amurka da Kanada suka fito da shi a 2001, na yadda iska ke ƙara wa fata jin sanyi. In ma'auni ya nuna digiri 5 kana gudun kilomita 80 a awa, fatar da ke buɗe za ta ji kamar digiri 3 ƙasa da sifili. In ya nuna 10, a wannan gudun za ta ji kamar 4. Abin lura shi ne yawancin ƙarin yana faruwa ne tun a ƙaramin gudu. Daga 80 zuwa 100 bambancin bai kai digiri ɗaya ba. Wato rage gudu kaɗan ba zai cece ka daga sanyi ba, abin da zai cece ka shi ne hana iskar isa jikinka.

Dogo77:
To ashe ke nan kwalta ma za ta yi ƙanƙara tunda an koma ƙasa da sifili?

Malam_Lissafi:
A'a Malam Dogo. Wancan lissafin na saurin da jiki ke rasa ɗumi ne kawai. Iska ba ta iya sanyaya abu ya gangara ƙasa da sanyin ita kanta iskar. In tana digiri 5, ruwan da ke kan hanya ba zai daskare don kana gudu ba.

Hajiya_Mai_Tafiya:
Malam ya yi daidai, amma kada Ɗan_Hanya ya karanta wannan ya saki jiki. Ma'aunin da masu hasashe ke amfani da shi ba a ƙasa yake ba, sama yake da ita da kusan mita ɗaya da rabi zuwa biyu. A daren da babu gajimare, ƙasa tana sakin zafinta ta fi iskar da ke samanta sanyi. Shi ya sa motoci da yawa suke kunna alamar gargaɗin ƙanƙara tun a digiri 3 ko 4. Kai kuma 4 aka ce maka da sassafe, kuma ba a cikin kwari aka auna ba, inda sanyi yake taruwa.

Wurare biyu nake tsoro a irin wannan safiya. Gada, don iska tana bi ta sama da ƙasanta, ita ce farkon daskarewa. Sai kwanar da dutse ko itatuwa suka yi wa inuwa, wadda rana ba ta taɓa ta sai azahar ko ma ba ta taɓa ta sam. Kana tafe a busasshiyar kwalta, ka karya kwana, ka tarar da ita baƙa wuluk tana sheƙi. Ko ba ƙanƙara ba ce, raɓa ce a kan ruɓaɓɓen ganye, santsinsu kusan ɗaya. Shawarata ku bar sammako. Ku fita wajen ƙarfe goma.

Sarkin_Kwana:
Hajiya, in suka fita goma sun rasa hazon nan da na faɗa, shi ne rabin daɗin.

Hajiya_Mai_Tafiya:
Ya rasa a wannan karon, ƙanena. Hazo ba ya ƙarewa a duniya.

Yaya_Bilki:
Ni maganar sutura zan yi, don a nan mutane suka fi faɗawa. Kada ka sa auduga a jikin fatarka. Za ka yi gumi wajen shiri da tura babur, audugar ta shanye ta riƙe, ruwa kuwa yana janye zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Ta ciki ta zama ulu ko irin yadin 'yan wasanni mai saurin bushewa. Ta tsakiya mai kauri da laushi wadda ke tare iska a cikinta. Ta waje wadda iska ba ta ratsawa. Kuma ka bi ƙofofin da iska ke shiga ɗaya bayan ɗaya: wuya, wuyan hannu, ƙugu, idon sawu. Wuya ya fi kowanne muni, ƙaramar kafa tsakanin hula da riga ta isa ta ɓata maka yini. Ka sa abin rufe wuya wanda ba shi da jela, kada ka naɗa mayafi mai reto kusa da sarƙa da taya.

Ka ɗauki rigar ruwa ko da an ce ba ruwa. Da yamma in sanyi ya dawo, ka ɗora ta a sama, za ka sha mamakin yadda take tare iska.

Kawu_Sale:
Mu a zamaninmu tsohuwar jarida muke ninkewa mu cusa a ƙirji ƙarƙashin riga. Har gobe tana aiki. Masu tseren keke ma suna yin haka in za su gangaro daga kan dutse.

Gambo_Taya:
Hannu fa? Ni safar roba irin ta asibiti nake sawa a ciki, sannan in ɗora ta fata.

Yaya_Bilki:
Gambo, wannan dabarar ta gajeriyar tafiya ce. A yini guda hannu zai jiƙe da gumi a cikin robar, sai ya fi da sanyi. Kuma duk abin da ya matse yatsu ya rage gudun jini, ya ƙara sanyi ke nan. Gara safa ɗaya mai kauri wadda yatsu ke motsi a ciki da guda biyu a matse. Haka takalmi: kada a cusa safa uku har ƙafa ta kasa motsi.

Mai_Jan_Babur:
Duk wannan kewaye-kewaye ne. A sa mariƙi mai ɗumama hannu da lantarki, magana ta ƙare. Tunda na sa ban ƙara tunanin sanyi ba.

Baba_Bakanike:
Yana ɗumama tafin hannu, bayan yatsu kuwa yana nan a iska, sai an haɗa da garkuwar hannu irin ta baburan daji. Kuma ba kowane babur ke iya ɗaukar kayan lantarki ba. Ƙaramin inji wutar da yake samarwa kaɗan ce, in ka jona mariƙi da riga mai ɗumi ga fitila a kunne, sai ka tsaya hutawa ka dawo batir ya ƙi tayarwa. Ɗan_Hanya, wane irin babur gare ka?

Ɗan_Hanya:
Mai cc 250 ne Baba, ba shi da gilashin tare iska a gaba. Na abokina 650 ne, yana da gilashi da mariƙi mai ɗumi duka. Na gode ƙwarai, ina rubuta duk abin da kuke faɗa.

Baba_Bakanike:
To ka ji abin da za ka duba daren Juma'a. Iskar taya tukuna, ka auna da geji tayar tana sanyi, kafin a hau. Duk saukar digiri 5 ko 6 tana rage wajen psi ɗaya (ma'aunin ƙarfin iskar taya ke nan), saboda haka in tun lokacin zafi ka sha iska, yanzu ta yi ƙasa. Ka mayar da ita daidai abin da kamfani ya rubuta. Batir in ya tsufa, sanyi ne ke tona asirinsa, ka caje shi ko ka canza. Baƙin mai ka tsaya kan wanda littafin babur ya ce, irin su 10W-40 ba sa damuwa da digiri 4. In mai kafireto ne ka ja cok, ya tashi, ka ba shi ɗan lokaci, ka mayar, kada ka manta da shi a ja. Sarƙa ta sha mai. Fitilun gaba da baya da na birki duk su kama.

Abu mafi muhimmanci: roba mai sanyi ba ta kama kwalta kamar mai ɗumi. Kilomitocin farko ka bi a hankali, kada ka kwantar da babur a kwana, kada ka finciki totur. Haka bayan kowace tsayawa mai tsawo, don tayar ta huce.

Dogo77:
Ni na ji an ce a rage iska kaɗan da sanyi don taya ta fi kama ƙasa. Kuma a riƙa karkaɗa babur hagu da dama don ta yi zafi, kamar yadda 'yan tsere suke yi.

Baba_Bakanike:
Dogo, bar wannan. Rage iska yana sa babur nauyin juyawa, ya cinye gefen taya. Karkaɗawa kuma ba ta ɗumama ta wani abin kirki, abin da ke ɗumama ta shi ne tafiya da taka birki da ƙara wuta a hankali, babur yana tsaye sak. Karkaɗa babur a kan taya mai sanyi neman faɗuwa ne kawai.

Nas_Habiba:
Na karanta duka, kuma akwai abin da ba a taɓo ba, wanda a wurina ya fi taya da safa. Ɗan_Hanya ya ce abokinsa yana da gilashi da mariƙi mai ɗumi, shi ba shi da ko ɗaya. Wato ba tafiya ɗaya za su yi ba ko da hanya ɗaya suka bi. Abokin zai ji daɗi, ya ɗauka kowa haka yake ji.

Zafin cikin jikin mutum wajen digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga matsala ta asibiti. Amma tun kafin a kai nan, jiki yana janye jini daga yatsu don ya kare ƙirji, sai hannu ya yi nauyi, kamun birki da kuloci ya yi jinkiri. Bayan haka tunani ya bi. Mugun abin shi ne mai shi ba ya ganewa, don ƙwaƙwalwar da za ta gane ita ce ta yi sanyi. Na kusa da shi ne ke gani: magana tana sarƙewa, ya kasa zuge zif, makulli ya faɗi daga hannunsa, ya yi shiru ko ya yi ta fushi ba dalili. Karkarwa alama ce ta a tsaya yanzu. In mutum ya daɗe yana karkarwa sai ta ɗauke alhali bai ɗumama ba, kuma ya rikice, wannan ba sauƙi ba ne, a nemi taimakon gaggawa.

Ku tsaya duk bayan minti 45 zuwa awa ɗaya, tun kafin ku ji buƙata. Ku sauka ku taka, ku sha abu mai ɗumi, ku ci wani abu, don jiki da abinci yake hura wutarsa. Ku sha ruwa ko ba ku jin ƙishi. Kuma ku cire hula ku kalli fuskar juna ku yi magana.

Gambo_Taya:
Wallahi Anti Habiba kin tuna mini. Mun taɓa fita da wani abokina, mutum mai surutu, duk inda muka tsaya shi ke da baki. Can da la'asar na lura a madubi yana buɗewa da yawa a kwana, yana taka layin tsakiya, abin da ba halinsa ba. Na ja gefe. Na tambaye shi, ya ce lafiya lau. Amma ya fi minti guda yana kokawa da igiyar hularsa bai kwance ba, leɓensa ya canza launi. Muka samu wuri mai rufi muka zauna har sai da surutunsa ya dawo, muka yanke sauran hanyar muka bi babban titi zuwa gida. Har yau cewa yake shi bai ji komai ba ranar.

Ɗan_Hanya:
Anti Habiba, kin taɓo ainihin abin da ke damuna, wanda ban iya rubutawa da farko ba. Mutumin nan ya girme ni, shi ya koya mini hawa, kuma ya daɗe yana ɗokin nuna mini hanyar nan. Ina jin nauyin a tsakiyar tafiya in ce masa na gaji ko sanyi ya ci ni, in ɓata masa rana.

Kawu_Sale:
Ɗana, ka faɗa masa wannan maganar yau, kana zaune cikin ɗumi, ba a bakin hanya ba. Ku yi yarjejeniya tun a gida: duk wanda ya ce a tsaya an tsaya, duk wanda ya ce a juya an juya, ba tambaya ba tsokana. Ku sa alama ta hannu ko ta fitila. In aminin gaske ne, daɗi zai ji ka faɗa. Wanda ya koya maka hawa ba zai so ya zama shi ne ya kai ka inda za ka faɗi ba.

Sarkin_Kwana:
Kuma kai za ka shiga gaba. Mai ƙaramin babur da ƙarancin sabo shi ke sa gudu, babba ya bi baya yana kallonsa. In ka bi bayansa za ka yi ta ƙoƙarin kamo shi ba ka sani ba.

Mai_Jan_Babur:
Ban yarda ba. Yaron bai san hanyar ba. Ka sa shi gaba ya riƙa karo da kwanar da bai taɓa gani ba, ga tunanin inda za a juya, ga jin ana kallonsa daga baya? Wanda ya san inda gada take da inda yashi ke zubowa kan kwalta shi ya kamata ya ja, ya rage gudu, idonsa na madubi.

Sarkin_Kwana:
Idonsa na madubi a hanya mai kwana-kwana? Sai su zama biyu masu matsala.

Hajiya_Mai_Tafiya:
Kowannenku yana da hujja. Na gwada duka biyun, kuma a ganina ya danganta da halin babban. In mai haƙuri ne wanda zai iya yini a gudun da bai kai nasa ba, ya ja. In mai zafin hannu ne, ya koma baya. Ɗan_Hanya ne ya san mutuminsa. Abin da ba na jayayya a kai: ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa, a kwana a bi layi ɗaya, a bar tazarar da ta wuce daƙiƙa biyun da aka saba tunda taya da yatsu duk sun yi sanyi, kuma na gaba ya jira a duk mararraba. Na baya kuma ya kalli hanya, ba fitilar abokinsa ba, don babur inda ido ya kalla yake bi.

Uwar_Amir:
Ni ba na hawa, maigidana ne ke hawa, ina nan ne don in fahimci abin da yake so a ciki. Roƙona ɗaya: ka bar wa na gida sunan hanyar da za ku bi da lokacin da za a sa ran dawowarku. Irin waɗannan hanyoyin sau da yawa babu sabis, kuma sanyi yana zuƙe cajin waya. Ka sa ta a aljihun ciki kusa da jiki. Zaman jira ba labari yana da wuya fiye da yadda kuke zato.

Dogo77:
Gaskiya ne Uwar Amir. A ƙara da mai: gidajen mai suna nisa da juna a can, tankin 250 kuma ba kamar na 650 ba. Duk inda kuka gani ku cika.

Malam_Lissafi:
Mu koma kan kilomita 260 ɗin nan. A ƙananan hanyoyi masu kwana, in kun samu matsakaicin 50 a awa kun yi ƙoƙari. Awa biyar ke nan da ɗoriya a kan sirdi. Ku ƙara tsayawar da Nas ta ce, da tsayawar kallo da ɗaukar hoto, wadda ita ce dalilin fitar, kun doshi awa bakwai. In kun bi shawarar Hajiya kun fita goma, biyar na yamma za ku iso, a lokacin da rana ke saurin faɗuwa, tana dukan ido daga ƙasa-ƙasa, sanyi yana dawowa, dabbobi suna tsallaka hanya, ku kuma kun gaji. Lissafin bai ba ku sarari ba. Ko a rage hanya zuwa wajen 150, ko a san wurin da za a yanke a hau babban titi in lokaci ya ƙure.

Sarkin_Kwana:
150 ai ba a fara ba Malam. Amma na yarda a san wurin yankewa.

Yaya_Bilki:
Tunda an ambaci rana: in gilashin hularka mai duhu ne, ka tafi da fari a jaka. Kuma numfashi zai riƙa rufe maka shi da suraci, musamman a tsaye ko a ƙaramin gudu. Akwai ƙaramin gilashi na biyu da ake maƙalawa daga ciki, Pinlock, yana maganin wannan sosai in hularka tana da wurin sa shi. In babu, ka ɗaga gilashin kaɗan ƙwarai iska ta riƙa shiga, ka buɗe kafar haɓa.

Ɗan_Hanya:
Na kira shi yanzu, na karanta masa maganar Anti Habiba da ta Kawu. Ya yi shiru, sannan ya ce bai taɓa tunanin bambancin baburanmu ba. Ya ce yana da garkuwar hannu da ba ya amfani da ita, gobe za mu gwada ko za ta hau nawa. Batun rage hanya ne ba mu daidaita ba, don wurin da ya fi so in gani yana can ƙarshen zagayen, wani tudu da ake hango tafki daga kansa. Ya kawo shawarar mu bi babban titi mu je can kai tsaye, sannan mu dawo ta ƙananan hanyoyin da rana tsaka.

Hajiya_Mai_Tafiya:
Wannan ya fi, ko ba komai inuwar kwanonin ta bushe kafin ku iso su. Sai dai ka sani babban titi da safe shi ne inda sanyi zai fi dukanka, gudu ba sassauci, jiki ba motsi. Ka sa rigar ruwan tun daga gida, ka cire a tudun.

Mai_Jan_Babur:
Ni har yanzu ina ganin mai 250 ba gilashi a babban titi cikin digiri 4 ko 5, gara ya jira sati biyu ko uku. Tafkin ba gudu zai yi ba.

Nas_Habiba:
In safiyar ta zo ka ga farin sanyi kwance a kan ciyawa ko gilashin motoci, ku ƙara awa ɗaya kafin ku tashi. Kuma ka karya kumallo sosai.

Gambo_Taya:
Baba_Bakanike, garkuwar babban babur tana hawa kan ƙarami kuwa? Na ɗauka kaurin ƙahon ba ɗaya ba ne.

Baba_Bakanike:
Ya danganta. Yawancin ƙanana ƙahonsu milimita 22 ne, wasu manya kuma tsakiyarsa ta fi kauri, wajen 28. Su auna kafin su kwance komai. In ta hau, ya juya kan babur har ƙarshe hagu da dama ya tabbata ba ta taɓa tanki, kuma ba ta danne hannun birki ko wayar kuloci ba.